Yarona yana ƙasida da siririyar murya, an sa masa suna har ya daina, ku ba ni shawara

Tela_Aboabo

Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah tambaya gare ni kuma ina roƙon wanda ya sani ya amsa min tsakani da Allah, abin ya kwana biyu yana ci na a rai. Ni tela ne a nan Aboabo cikin Kumasi, ina da yaro namiji shekararsa 18, tun yana makarantar allo malaminsu ya gane yana da murya, shi ake ba ƙasida ranar walimar sauka da lokacin maulidi. Da yana ƙarami ba wanda ya ce komai tunda duk yara haka muryarsu take. Da ya kai 14 zuwa 15 muryar ta fashe kaman ta kowa, zakaran wuya ya fito, yanzu in ya ɗaga wayata kwastomomi sai su zaci ni ne. Amma in ya kama Ishiriniya ko Diwani aka zo wurin da ake hawa sama, sai wata murya daban ta fito masa, siririya tas, in kana bayan katanga ba ka gan shi ba za ka rantse mace ce ko yaro ɗan shekara 10.

Ni dai wlh daɗi take min. Maulidin bara ina can baya kan benci kusa da mai shayi, ana ta hayaniya, yara na guje-guje ƙarƙashin kanofi, mata na rabon shinkafa, janareto na ta ruri, da aka miƙa masa maik ya ja baiti biyu a ƙasa ya hau a na uku sai wurin ya yi tsit, mai shayin ma ya tsaya da ludayi a hannu, wani dattijo a gefena ya kama bakin rawaninsa yana share ido yana salati. Ban gaya masa ɗana ba ne, na kasa magana ma.

To samarin bes ɗinsu, wato majalisar da suke zaman hira, su ne suka ɗauki bidiyon suka yanko daidai wurin hawan suka sa a TikTok da sitatus, suka rubuta abin da ba zan maimaita a nan ba, tun daga ranar in ya wuce sai su ce Hajiya ta iso, wasu ma ɗan daudu suke ce masa a gaban 'yan mata. Yau wata uku bai je bita ba, malaminsu ya zo shago sau biyu nemansa. Yayata kuma ta ce gara da ya bari, wai namiji da muryar mata zai sha wuya wajen neman aure, wani abokin ɗinkina ya ce ma haramun ne. Ni abin da nake son sani, muryar nan daga ina take fitowa tunda ba da ita yake magana ba, ciwo ne ko halitta, za ta lalata masa maƙogwaro nan gaba, kuma addini ya hana da gaske? In akwai laifi ni da kaina zan hana shi, in babu kuma ba na so a kashe masa abin da Allah ya ba shi ina kallo.

Tsohon_Zakiri_SabonZongo

Wa alaikumus salam. Ɗana tela sannu da haƙuri, Allah ya shirya mana zuri'a. Ni tsoho ne, jikata ce ta karanta min saƙonka kuma ita ke rubuta wannan ina faɗa mata. Na yi zikiri fiye da shekara 40 a Sabon Zongo nan Ankara babban birnin Ghana, Fadama da Prang da Kumasinku duk na taka su ba adadi, don haka maganar nan ta gidanmu ce.

Irin muryar yaronka a da ido rufe muke nemanta. Lokacin da muka taso ba kowane taro ke da lasifika ba, in ma akwai to guda ɗaya ce an ɗaure a jikin itace tana shaƙewa. Ga jama'a cike da fili, ga 'yan amshi sun zauna a ƙasa da murya mai kauri kaman rugugin hadari, to in mai jan baiti shi ma ya zauna a ƙasa tare da su ai ya nutse, ba mai jin abin da yake faɗa. Dole ya bi ta samansu. Shi ya sa kowace ƙungiya tana da wanda take ajiyewa don hawa, ba a gajiyar da shi da wuri, sai dare ya raba wajen ƙarfe biyu jiki ya mutu an fara gyangyaɗi sannan a miƙa masa, yana ɗauka za ka ga tsofaffi sun gyara zama. Ni ban da wannan muryar, tawa ta ƙasa ce, shekara da shekaru amshi nake yi wa masu ita kuma ban taɓa ganin ɗayansu ya rasa mata ba, ka gaya wa yayarka haka cikin ladabi.

Kuma ba don a ji daga nesa kaɗai ba ne. Ka lura da uwa in ɗanta ya ɓace mata a tsakiyar kasuwar Kejetia, da wace murya take kiransa? Ko ƙato majiyi ƙarfi in aka gaya masa mahaifiyarsa ta rasu, kukan da zai fara ba da muryar ciniki zai yi shi ba, sama za ta tafi da kanta ta siranta. Muryar sama ta kira ce da kuka. Shi kuwa bege mene ne in ba kiran wanda ya yi maka nisa ba, kana Zongo zuciyarka na Madina. Abin da dattijon nan ya ji kenan har ya zubar da hawaye.

Ka sa wa yaron karatun Shehu Abdul Basit Abdus Samad na Masar, wanda ya rasu a 1988, wanda ba gidan Zongon da bai taɓa jin kaset ɗinsa ba. Ya saurari inda yake kaiwa da numfashi ɗaya. Wa ya taɓa ce masa mace? Su Misirawa suna da suna ga kowane mataki, na ƙasa da ake farawa da shi su ce ƙarar, in aka ɗaga su ce jawab, in aka ƙara ɗagawa can ƙololuwa su ce jawabul jawab. Kuma ya lura Shehun ba ya fara karatu daga sama, sai ya zauna a ƙasa murya ta yi ɗumi, ya hau, ya sauko, ya sake hawa. Kuskuren yaran yanzu kenan, da an ba su maik sai su ɗare sama su ƙi saukowa, jama'a su gaji su ma su dishe. Ya riƙa shan zuma da citta da kanumfari, ya bar ruwan firji.

Abu_Sumayya_Alabar

Malam tela Allah ya saka da alheri da ka tambaya kafin ka yanke hukunci. Ni gsky ba na zuwa maulidi, ina da fahimtata a kansa kuma Baba na Sabon Zongo ya san wannan saɓanin ya girme mu duka, ba shi ka tambaya ba don haka ba zan buɗe shi a nan ba. Maganar murya ka tambaya.

Abin da abokinka ya jiyo hadisin Ibn Abbas ne da ke cikin Bukhari, cewa Manzon Allah SAW ya la'anci maza masu kamanta kansu da mata da mata masu kamanta kansu da maza. Hadisi ne ingantacce ba wasa a cikinsa. Amma malamai da suka yi sharhinsa irin su Ibn Hajar sun bambanta wanda yake yi da gangan da wanda haka aka halicce shi, zargin na kan mai ganganci. Kuma kamantawa ba tsayin murya ba ne kawai, akwai lanƙwasa harshe da rangwaɗa da kwarkwasa da karya wuya, wanda in ka ji ka san mutum so yake a ɗauke shi mace. Wannan nake ƙi, kuma ina ganinsa a wasu waƙoƙin soyayya da ake cika mana kunne da su a wurin awure. Namiji ya ɗaga murya ta yi tsini don a ji shi wani abu ne daban. Da Abdullahi bin Zaid ya ga kiran salla a mafarki ai cewa aka yi ya koya wa Bilal saboda Bilal ya fi shi murya, kuma Abu Musal Ash'ari yabonsa aka yi kan daɗin muryarsa a karatu. Ka je masallacin asuba ko'ina a Asawase ka ji ladanai, nawa ne ke kiran salla da muryar da suke magana da ita?

Wanda ya kamata a yi wa wa'azi a labarin nan samarin bes ne. Aya ta 11 a suratul Hujurat ta hana izgili kuma ta hana jifan juna da munanan laƙabi, a fili take ba ta buƙatar dogon tafsiri. Ce wa ɗan mutane ɗan daudu a gaban jama'a kan abin da bai aikata ba, wannan ƙazafi ne. In ka san iyayensu ka same su. Ni shawarata ga yaron ya juya wannan baiwar ga Alƙur'ani ya nemi malamin tajwidi, amma wannan ra'ayina ne, kai ne uba.

Nas_Maryama

Kawu tela ina wuni. Ni nas ce, ba likitar maƙogwaro ba amma zan faɗi abin da muka karanta. Hankalinka ya kwanta, abin da ka siffanta ba ciwo ba ne.

A bayan zakaran wuya akwai wasu 'yan tsoka guda biyu kwance kaman leɓɓa, iska in ta taso daga huhu ta bi tsakaninsu sai su riƙa karkarwa, wannan karkarwar ita ce murya. Na babban namiji tsawonsu wajen milimita 17 zuwa 25 ne, na mace wajen 12 zuwa 17, shi ya sa in namiji na magana suna kaɗawa wajen sau 120 a sakan ɗaya, na mace kuma 200 da ɗoriya. Lokacin balaga sinadarin maza ne ke sa su ƙara tsawo da kauri, shi ne fashewar muryar da ka gani yana 14. Tunda kai tela ne Kawu, ka ja zaren keke ka ɗaure shi tamau ka taɓa da farce, ka sassauta ka sake taɓawa, za ka ji ƙarar ta canja. Ko mai kalangu in ya matse shi a hammata fatar ta ɗaure sauti ya hau. To haka yaron yake yi, akwai tsokar da ke jan leɓɓan nan su miƙe su siranta har ya zama bakin-bakinsu kawai ke kaɗawa ba dukkan naman ba, sai siririyar murya ta fito. Kusan kowane namiji yana da ita, su masu tsokanar tasa ma in Kotoko ta ci ƙwallo da ita suke ihu, bambancin kawai tasa tana fita da tsabta kuma ya iya riƙe ta.

Da a ce da siririyar yake magana kullum bayan ya balaga ta ƙi sauka, wannan ne ake kai wa masu gyaran murya, kuma shi ma yawanci da atisaye ake gyara shi ba tiyata ba. Nasa ba haka ba ne tunda ka ce har ana ɗaukarsa kai ne a waya.

Abin da ke ɓata murya ba hawan ba ne, dole ce. Ya hau da ƙarfin tsiya jijiyar wuya ta fito raɗa-raɗa, ya kwana yana gasa da lasifika, ya ci gaba alhali ya dishe, ko shisha da sigari da zama cikin hayaƙi. Baba na Sabon Zongo ka yi min afuwa zan ɗan ƙara a kan maganarka, zuma da citta suna sanyaya maƙoshi ana jin daɗinsu amma abin da aka haɗiye ta hanyar abinci yake bi, ba ya taɓa leɓɓan muryar, abin da ya fi yi musu amfani shan ruwa da yawa ne da barci da hutu, musamman da hunturu in iska ta bushe. In ya taɓa dishewa ta wuce sati uku ba ta sake shi ba ko yana jin zafi in ya hau, to a kai shi sashen kunne da hanci da maƙogwaro a asibitin Komfo Anokye su leƙa.

Kibod_Nima

Baba tela barka da dare. Ni na karanta kiɗa a Winneba kuma ina aiki a sitidiyo nan Nima, irin muryar ɗanka Turawa folseto suke ce mata kuma wlh mawaƙa kuɗi suke biya a koya musu ita, wasu in ta gagare su sai su ce mu ɗaga musu da ototun, manhajar gyaran murya, a kwamfuta, ana ji kuwa an san ta inji ce.

Abin da na fi so ka gaya masa shi ne ma'anar muryar nan ba ɗaya ba ce a duniya, kowane wuri da abin da suka ɗora mata. A Italiya shekaru 300 da suka wuce mai siririyar murya shi ake ba matsayin sarki ko jarumin yaƙi a wasan waƙarsu, a London ma a 1724 da aka yi wasan Julius Kaisar irin wannan mawaƙin ne ya fito a Kaisar ɗin. Amma hanyar da suka bi suka samu muryar abin tausayi ne, tunda an hana mata waƙa a coci sai suka koma dandaƙe yara maza kafin su balaga don kada muryar ta fashe, yaro ya girma da ƙirjin babba da maƙogwaron yaro. Mafi shahararsu Farinelli, a 1737 ya koma fadar Sifen yana yi wa sarki Filib na biyar waƙa da dare saboda ciwon damuwa da ke damun sarkin. Da yawa kuma an yi musu aika-aikar ba su zama komai ba, yawanci 'ya'yan talakawa. Na ƙarshensu da aka sani Alessandro Moreschi an ɗauki muryarsa a faifai a 1902 da 1904, tana nan a YouTube, ni ranar da na fara ji jikina sanyi ya yi don na san abin da aka yi wa yaro kafin a same ta. Ɗanka kuwa Allah ya bar masa muryoyinsa biyu lafiya lau ba wanda ya taɓa shi.

Wanda Malam na Alabar yake magana a kai shi ma akwai shi, inda namiji ke tsayawa a madadin mace. A ƙasar Sin akwai Mei Lanfang da duk rayuwarsa matsayin mata yake fitowa a wasan waƙarsu na gargajiya. A nan gida ma haka konsat fati, wasan kwaikwayo mai haɗe da waƙa, ya taso, zamanin su E.K. Nyame da Akan Trio a shekarun 1950 maza ne ke ɗaura zani su fito a mata, kuma a waƙoƙin jita na lokacin za ka ji namiji ɗaya yana bi ta sama siririya a kan sauran. Ku tambayi tsofaffin Tonawa, wato Ashanti, na Kumasi za su ba ku labari. Wannan wasa ne da sutura da komai, ba shi ɗanka yake yi ba.

Nasa ya fi kama da abin da Baba zakiri ya faɗa. Ka ji Salif Keita na Mali ko Baaba Maal na Senegal in sun ɗaga, ko marokan Dagomba masu gangar lunga da goge in suna kiran sunayen kakannin sarki, duk a sama suke yi da murya a ɗaure. Papa Wemba na Kwango da ya faɗi a kan dandamali a Abidjan a 2016, mahaifiyarsa mai waƙar makoki ce a gidajen mutuwa kuma a wurinta ya fara ɗaukar waƙa, in ka saurare shi da kyau za ka ji kukan a ciki. A wajen aiki ma muna ganin dalilin, ganga da jita mai kaurin sauti da hayaniyar mutane duk a ƙasa suke taruwa, kunnen ɗan adam kuma ya fi kama sauti mai tsini, to mai siririyar murya hanyarsa a buɗe take shi kaɗai.

In kun shigo Ankara ku neme ni ta inbos in ɗauke shi ƙasida ɗaya kyauta, ba ototun ba komai, ya ji kansa da kunnensa a sipika mai kyau, don na tabbata bai taɓa jin kansa ba sai a wannan bidiyon na waya.

Tsohon_Zakiri_SabonZongo

'Yata nas na karɓi gyara, Allah ya yi miki albarka, ruwan za a ƙara amma zumar ba zan bari ba. Malam na Alabar mun gode da adalci, kuma maganar tajwidi gaskiya ce, duk zakirin da bai gyara haruffansa a Alƙur'ani ba ƙasidarsa ma ba ta zama daidai. Tela ka ce wa malamin yaron kada ya matsa masa da maganar taro yanzu, ya fara sa shi cikin 'yan amshi a ƙasa tukuna inda ba mai kallonsa.

Tela_Aboabo

Jama'a na gode, na gode ƙwarai, Allah ya biya ku. Jiya bayan isha'i na kira shi shago na ce ya taya ni sa maɓallai a kayan wani ango, muna zaune na miƙa masa wayar na ce ya karanta min don idona ya gaji. Ya karanta tun daga sama har ƙasa, da ya zo wurin Baba inda ya ce uwa in ɗanta ya ɓace a Kejetia sai ya yi shiru ya daɗe yana kallon wayar. Bai ce min komai ba ni ma ban tambaye shi ba. Da na kunna Abdul Basit sai ya ce in mayar baya kaɗan, sau uku yana sa ni ina mayarwa daidai wurin hawan, yana taɓa wuyansa da yatsa.

Iyayen yara biyu daga cikin samarin na san su, ɗaya ma ni nake masa ɗinkin salla, gobe in Allah ya kai mu bayan la'asar zan je gidansa. Yaya kuma har yanzu tana kan bakanta, na tura mata maganar Malam na Alabar ta ce sai ta tambayi nata malamin, na ce to.

Baba zakiri bita ranar Alhamis ce da dare, ban san ko zai je ba, amma yau da safe ya tambayi mamansa ina farar jallabiyarsa. Kibod na tura maka saƙo ta inbos ka duba.